Bugun Folger na wasan Makbes: littafin aljihu da ke barin mai karatu ya yi wa jarumin shari'a da kansa

Daga cikin bugu iri-iri na wasan Makbes na Shekisfiya da ake samu a shagunan littattafai, wanda ɗakin karatu na Folger da ke birnin Washintan ya shirya, kamfanin Simon & Schuster kuma yake bugawa, yana cikin mafiya araha da sauƙin ɗauka. Sunan da ke jikin bangonsa shi ne Macbeth, editocinsa kuwa Barbara Mowat da Paul Werstine ne, waɗanda suka fara fitar da shi a 1992. Ɗakin karatun ba baƙo ba ne a wannan fage, domin an buɗe shi tun 1932, kuma yana riƙe da kwafi 82 na babban kundin wasannin Shekisfiya da aka buga a 1623, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin. Wannan kundi shi ne tushe guda ɗaya tilo da aka samo matanin Makbes daga gare shi, saboda ba a taɓa buga wasan a littafi ba a lokacin da mai shi yake raye. Abin da na auna littafin da shi abu ɗaya ne, wato ko yana taimaka wa mai karatu ya amsa tambayar da kowane malamin adabi ke yi wa ɗalibansa game da wannan wasa: wane ne ya ɓata Makbes, matsafan nan uku, ko matarsa, ko kuwa zuciyarsa?

Tsarin shafukan shi ne babban abin da mai saye yake biya wa kuɗi. Matanin wasan yana shafin dama, bayanin kalmomi da jimloli masu wuya yana shafin hagu daura da shi, kuma a farkon kowace fitowa akwai taƙaitaccen bayani na abin da zai faru a cikinta. Mai karatu ba ya buƙatar juyawa zuwa ƙarshen littafi ko ƙanƙance ido a kan ƙananan rubutu na ƙasan shafi. Duk wurin da editocin suka gyara ko suka ƙara wani abu a kan abin da ke cikin kundin 1623, sun sa masa alama ta musamman, wanda hakan gaskiya ce da ba kowane bugu na ɗalibai ke yi ba. Akwai kuma gabatarwa a kan yadda ake karanta Turancin zamanin Shekisfiya, musamman yadda yake juya jimla ya sa aikatau a gaba ko ya raba kalmomin da suka saba zama tare, kuma ina ganin wannan gabatarwa ta fi duk sauran bayanan farko amfani ga wanda Turanci ba harshensa na gida ba ne.

Amfanin wannan tsari yana fitowa ne tun daga kashi na ɗaya. Kafin mu ga Makbes da idonmu, wani hafsa da ya dawo daga fagen fama jina-jina yana ba Sarki Dankan na Sikotilan labarin yadda jarumin ya farke ɗan tawaye Makdonwal daga cibiya har muƙamuƙi, ya kuma kafe kansa a bisa ganuwa. Sarki ya yaba, ya kira shi ɗan'uwa jarumi. Wanda ya karanta wannan wuri a hankali, da taimakon bayanin da ke hagu, zai lura cewa wasan bai gabatar mana da mutum mai tsoron jini ba. Ya gabatar da mutumin da ƙasa ke girmamawa saboda iya zubar da jini, matuƙar dai jinin na abokan gaban sarki ne. Saboda haka lalacewar da za ta biyo baya ba koyon kisa ba ce, domin ya riga ya iya. Abin da zai canja shi ne wanda takobin ke yi wa aiki.

Fitowa ta uku ita ce wurin da na fi so mai saye ya gwada littafin kafin ya biya. Matsafan sun gaishe da Makbes da sunaye uku, hakimin Gilamis wanda shi ne a lokacin, hakimin Kawdo wanda sarki ya riga ya naɗa shi amma labari bai iso masa ba, da kuma sarki nan gaba. Iyakar abin da suka faɗa masa ke nan. Babu inda suka ambaci kisa, babu inda suka ambaci Dankan, babu inda suka ba shi shawarar ya ɗaga ko da yatsa. Banko, abokin yaƙinsa da ke tsaye kusa da shi, shi ne ya lura cewa Makbes ya razana, har ya tambaye shi dalilin da ya sa yake tsoron magana mai daɗi haka. Ba da jimawa ba, da manzannin sarki suka tabbatar da sarautar Kawdo, sai muka ji Makbes a zancen zuci yana maganar wani mugun hoto da ke sa gashin kansa tashi, kuma shi da bakinsa ya fara furta kalmar kisa. Banko ma an yi masa albishir, an ce ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za su yi, shi kuwa martaninsa gargaɗi ne cewa ma'aikatan duhu sukan faɗa wa mutum ƙananan gaskiya don su ja shi zuwa babbar halaka. Mutum biyu, albishir iri ɗaya, wuri ɗaya, amma ɗaya ya ji gargaɗi, ɗayan ya ji izini. Duk wanda ya dogara ga taƙaitaccen labarin wasan da ake sayarwa don jarrabawa zai fita da fahimtar cewa matsafa sun sa Makbes ya kashe sarki, alhali matanin bai faɗi haka ba, kuma bugun Folger ya yi kyau da bai cusa wannan fassara a bakin mai karatu ba.

Ko a nan ma Makbes bai yanke shawara ba tukuna, domin ya ce wa kansa in rabo ya so ya zama sarki, rabo zai iya naɗa shi ba tare da ya motsa ba. Abin da ya rushe wannan haƙuri ba tsafi ba ne, siyasar fada ce. A fitowa ta huɗu Dankan ya sanar da babban ɗansa Malkam a matsayin yarima mai jiran gado, nan take Makbes ya ce wannan matakala ce da ko dai ya faɗi a kanta ko ya tsallake ta, ya kuma roƙi taurari su ɓoye haskensu kada su ga baƙin burinsa. Matarsa ba ta ma shigo cikin wasan ba a lokacin.

Batun matar Makbes shi ne inda masu karatu suka fi saurin yanke hukunci, kuma shi ne inda ya kamata a daɗe. Da ta karanta wasiƙarsa, ta bayyana mijinta da kalmomin da babu wanda ya fi su daidai a duk wasan: yana da buri, amma ba shi da muguntar da ya kamata ta raka burin, yana son abin da ba halalinsa ba ne amma ba ya son ya yi zamba don ya samu. Wato ta san cewa kwaɗayin yana nan, aikinta kawai ta kawar da shingen da ke tsare shi. A fitowa ta bakwai muka ga shingen da idonmu, lokacin da Makbes ya keɓe ya lissafa wa kansa dalilan da suka hana: Dankan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne da ya kamata ya rufe wa ƙofa daga mai kisa maimakon ya ɗauki wuƙar da kansa, kuma sarki ne mai sauƙin hali da mutuwarsa za ta sa kowa kuka. Ya ƙare da amsa laifinsa tun kafin ya aikata, ya ce ba shi da wani abin da ke zaburar da shi sai dogon buri, irin na mahayin da ya yi tsalle ya wuce sirdi ya faɗi ta ɗaya gefen. Daga nan ya gaya wa matarsa cewa an bar maganar.

Ba ta musa ko ɗaya daga cikin dalilansa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a hirar tasu. Ba ta ce Dankan azzalumi ne ba, ba ta ce gadon na Makbes ne ba. Gori ta yi masa, ta kira shi matsoraci, ta ce lokacin da ya yi ƙarfin halin ƙudurta aikin shi ne lokacin da yake namiji, ta auna ƙaunarsa gare ta da wannan aiki, sannan ta ce da ita ce ta yi irin rantsuwarsa, da ta fizge jaririn da take shayarwa ta fasa masa kai. A tsakiyar wannan gori akwai wata tambaya da sau da yawa ake tsallakewa, inda ta ce wace dabba ce to ta sa ka fara kawo mini wannan magana. In an ɗauki maganarta, shi ne ya fara buɗe zancen. Abin lura kuma shi ne cewa bayan duk wannan, tambayar da Makbes ya yi ba ta shafi halal ko haram ba, cewa ya yi idan muka gaza fa. Da ta shimfiɗa masa dabarar bugar da masu gadi biyu da giya a ɗora musu laifin, sai ya amince. Mutumin da tsoron Allah ya hana shi ba ya canja ra'ayi don an nuna masa hanyar tsira daga kamu.

Duk da haka, zalunci ne a ce zugar ba ta yi komai ba. Ba don ita ba, da daren ya wuce, da Dankan ya hau dokinsa da safe kamar yadda ya yi niyya. Ƙarfin zugar yana cikin lokacin da ta zo, domin ta same shi a daidai sa'ar da hankalinsa ya rinjayi burinsa, ta mayar da rinjayen ɗaya ɓangaren, kuma dare ɗaya ya isa.

Abin da ya sa nake ganin wasan ya fi ƙarfin a kira shi labarin miji da muguwar mata shi ne abin da ya biyo bayan kisan. A daren, shi ne ya kasa cewa amin da ya ji ana addu'a, shi ne ya ji murya tana cewa ya kashe barci, shi ne ya ce duk ruwan teku ba zai wanke hannunsa ba, ita kuwa ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. Amma daga wayewar gari sai ragama ta fara komawa hannunsa. Ya kashe masu gadin nan biyu ba tare da shawararta ba. A kashi na uku, da ya tashi kawar da Banko da ɗansa Filiyans, ya ɗauko 'yan ta-kife ya yi musu daidai irin gorin da aka yi masa, ya tambaye su ko su maza ne, ya kwatanta su da karnuka iri-iri da duk ake kira karnuka amma ba darajarsu ɗaya ba. Wanda aka zuga ya zama mai zuga, kuma ya ƙware. Da matarsa ta tambaye shi abin da ake shiryawa, ya ce mata ta zauna cikin rashin sani har sai ta yaba wa aikin. Bayan fatalwar Banko ta tarwatsa liyafa, ya faɗa cewa babu gidan wani babba da ba shi da ɗan leƙen asiri a ciki, kuma ya yi nisa cikin jini har komawa baya ta zama da wahala kamar ci gaba.

Haka ma dangantakarsa da matsafan ta juya. A karon farko su suka tare shi a hanya, a kashi na huɗu shi ya tafi nemansu, yana ba su umarni. Suka nuna masa abubuwa uku: ya yi hattara da Makdaf, wani daga cikin hakiman ƙasar, babu wanda mace ta haifa da zai cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa dutsen Dansinen. Nan ma ba su ce ya kashe kowa ba. Shi ne da ya ji Makdaf ya tsere Ingila ya yi alkawarin cewa daga yau duk abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi hannunsa zai fara aikatawa, ya aika aka hallaka matar Makdaf da 'ya'yansa da barorinsa, kisan da babu wata riba ta mulki a cikinsa. In aka jera kashe-kashen nan, za a ga cewa na farko ya ci doguwar muhawara, na biyu ya ci dabara, na ukun kuwa bai ci komai ba sai fushi. Ita kuwa matar, da ta ce ɗan ruwa ya isa, ta ƙare tana yawo cikin barci tana goge hannu tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai ƙamsasa shi ba. Da aka kawo masa labarin mutuwarta, abin da ya iya faɗa shi ne rayuwa tatsuniya ce da wawa ke bayarwa, cike da hayaniya, ba ta nufin komai.

Duk waɗannan wurare bugun Folger yana kai mai karatu gare su ba tare da tuntuɓe ba, kuma a ƙarshen littafin akwai maƙala ta Susan Snyder da ke duba wasan da idon zamani, tare da jerin shahararrun baitoci da wuraren da suke, wanda ke da amfani ga ɗalibin da ke neman hujja daga matani lokacin rubuta amsa.

Inda littafin ya gaza shi ne zurfi. Bayanan hagu na fassara kalma ne, ba kasafai suke tsayawa su nuna yadda wata magana ke amsa wata da ta gabata ba, don haka irin alaƙar da ke tsakanin gorin matar da gorin da Makbes ya yi wa 'yan ta-kife sai mai karatu ya gano da kansa. Tarihin da ke bayan wasan ma an taɓa shi ne a taƙaice, alhali yana canja yadda ake kallon jarumin. Makbes na gaskiya ya yi sarautar Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, a fagen yaƙi Dankan ya mutu ba a kan gado ba, kuma mulkin ya zauna har sarkin ya samu sukunin zuwa ziyara Rum a 1050. Shekisfiya ya ɗauko labarin ne daga kundin tarihin Holinshed, bugu na 1587, inda Banko yake cikin waɗanda suka haɗa baki da Makbes, kuma batun matar da ta zuga mijinta ya kashe sarkin da ya sauka a gidansu ya aro shi ne daga labarin wani sarki daban mai suna Daf da wani Donwal. Dalilin wanke Banko a fili yake: Sarki Jemis, wanda ya hau gadon Ingila a 1603 kuma ya zama uban ƙungiyar 'yan wasan Shekisfiya, ana danganta asalinsa ga Banko. Shi wannan sarki ya rubuta littafi a kan tsafi a 1597, ya kuma tsallake makircin tayar da majalisa da albarushi a 1605, kusan shekara guda kafin lokacin da ake kyautata zaton an rubuta wasan. Ke nan marubucin da gangan ya cire wa jaruminsa duk wani uzuri da tarihi ya ba shi, ya mai da Dankan dattijon kirki, ya raba shi da abokin makirci, ya matse shekara 17 ta koma kamar 'yan watanni, don kada ya rage masa abin fakewa sai burinsa. Mai son bin wannan sawu dalla-dalla zai fi samun biyan buƙata a bugun Arden na 2015 da Sandra Clark da Pamela Mason suka shirya, sai dai ya fi tsada kuma bayanansa sukan cinye rabin shafi, abin da kan kashe wa sabon shiga gwiwa.

Akwai kuma fitowa ta biyar a kashi na uku, inda uwargijiyar matsafa Hekati take yi musu faɗa tana cewa za ta ja Makbes zuwa halaka. Masana da yawa suna ganin marubucin wasanni Thomas Middleton ne ya ƙara wannan wuri daga baya, kuma waƙar da aka ambata a ciki tana cikin wani wasa nasa. Wannan ya shafi tambayarmu kai tsaye, domin ita ce fitowar da ta fi ba matsafa kamannin masu juya al'amura, don haka ɗalibin da zai kafa hujja da ita ya kamata ya san cewa ƙasar da ya taka ba ta da ƙwari sosai.

Ta fuskar jiki, ƙaramin bugun na aljihu takardarsa siririya ce, tawadar biro takan ratsa ta, kuma gefen shafin dama ba shi da fili sosai, ko da yake shafin hagu yakan bar sarari da ya isa rubutu da fensir. Hotunan da aka ɗauko daga tsofaffin littattafan ɗakin karatun ƙanana ne, baƙi da fari, wasu suna haskaka ma'ana wasu kuma ado ne kawai. Babbar matsala ga ɗalibi Bahaushe ita ce an rubuta bayanan ne da ɗan makarantar Amurka a zuciya, don haka wani lokaci kalmar da aka yi bayani da ita ma sai an nemi ƙamus, kuma ishara zuwa ga Littafi Mai Tsarki ko gumakan Rum da Girka takan zo a gajarce kamar kowa ya san su. Duk da haka na fifita shi a kan bugun No Fear na SparkNotes, wanda ke sa fassarar Turancin yau daura da matani, domin ido yakan gudu zuwa shafi mai sauƙi ya zauna can, kuma a can ne ƙananan alamun da muka bi a sama, irin razanar Makbes da tambayarsa ta idan muka gaza, suke rasa kaifinsu.

Wanda kuɗi ya yi wa wuya zai iya karanta matanin Folger ɗin kyauta a shafinsu na intanet, da lambobin layi iri ɗaya da na littafin, sai dai bayanin kalmomi na shafin hagu ba ya ciki, kuma shi ne dalilin sayen na takarda. Mai saye a wurin 'yan gwanjon littattafai kuma ya duba bango da kyau, domin akwai tsohon bugu mai ɗauke da sunan Folger wanda Louis Wright da Virginia LaMar suka shirya shekaru da dama kafin wannan, kuma matani da bayanansa sun bambanta. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai sunayen Mowat da Werstine.